A Ina Ka Koyi Hausa?

A kasuwar Sumaila mai awon gero
ya ji sunan Irmiya, ya ɗago kai:
"Ikon Allah! A ina ka koyi Hausa?"

Irmiya ya ɗaure bakin buhu.
Ni kunya ta kama.
Cibiyarsa na gindin tsamiyar ƙauyenmu,
taku uku daga tawa.

Sun ce gidansu sai burkutu.
Ni dai kunun kanwa na sha.

Bara, da ruwa ya ci katangar masallaci,
shi ya kwaɓa ƙasa har la'asar,
ya koma inuwa, muka yi salla.

A hanya na soma ba shi haƙuri.
Ya ce, "Bari, Sallau.
Ai mudun nasa ma bai cika ba."