Benci na Uku, Idi-Araba

A kemis ɗin Ɗanliti, bakin layin dogo na Agege,
yana ɗaura mini madauri a damtse
yana cinikin man zafi da wata tsohuwa.
Jirgi ya wuce, kwalabe suka yi rawa a kanta.
Ɗari da talatin da huɗu, in ji shi,
tashi ka ba ni wuri.

Amma a nan, kati a hannu,
tun kafin a kira Tasi'u Garba
kalangu ya fara a kunnena.
Ni da nake kwance waya a Ikeja,
in ɗauki sukurun da bai kai ƙwayar gero ba
hannuna ko gezau,
yau ga tafina ya jiƙe sharkaf
don wata mata ta sa farar riga.

Ɗari da hamsin da takwas.
Ta dube ni, ta dubi shekaruna a takarda,
ashirin da bakwai.
Ta ce da gudu na zo?
A'a, tun asuba nake zaune.

Ban gaya mata ba
irin rigar ce ta fito daga wani ɗaki, bana shekara tara,
ta tsaya gaban mahaifiyata
ta ce ɓarin jikin Baba ba zai dawo ba.

Suka kwantar da ni ta hagu,
suka shafa mini wani mai sanyi a ƙirji.
A allo na ga abin da nake ɗauke da shi tun ina ciki:
toka-toka, kamar maƙogwaron kwaɗo,
ƙofofi ƙanana na buɗewa suna rufewa,
tana matsa, tana saki, tana matsa,
ba wanda ya taɓa ce mata sannu.
Kunya ta kama ni.

Sai aka ɗauke wuta.
Fanka ta tsaya, janareta ya yi tari ya ƙi.
Dakta Folarin ta cire rigar ta rataye a ƙusa,
ashe atamfa ce a ciki, mai zanen kifi,
irin ta Anti Lami.
Ta ce a Gusau ta yi bautar ƙasa,
ta tambaye ni ko har yanzu ana yin hoce.
Na yi dariya. Madaurin ya kumbura ban lura ba.

Ɗari da talatin da tara.

Famfonka lafiya lau, ta ce da Hausarta mai tuntuɓe,
amma jinin ya ɗan hau, ba tsoro kaɗai ba.
Rage gishiri. Rage dunƙule. Dawo wata uku.

A danfo, cikin cunkoson Mushin,
kwandasta na zagin wani kan canji,
na sa hannu cikin riga
inda man bai gama bushewa ba.
Tana nan tana aikinta.
Na ce mata sannu.