Daga Gwagwa Zuwa Garki

Ƙarfe huɗu da rabi nake jawo ƙofa,
ladan bai ko gyara murya ba.
Na bar wa Ladidi kuɗin koko a ƙarƙashin faranti,
da ƙannenta biyu, da makullin ɗaki.
Ofishin da nake sharewa a Garki yake,
ni kuwa Gwagwa ce daidai aljihuna.

A bakin titi mun fi ɗari.
Rumfar jiran mota, iska ta kwashe kwanonta tun daminar bara,
saura ƙarafa huɗu a tsaye,
su ma ba a bar su sun huta ba:
fosta kan fosta, fuska kan fuska,
mai neman ciyaman, mai neman kansila,
kowa da murmushi, babu mai inuwa.
Na sama ya ce dogayen bas hamsin.
Wanda aka liƙa a kan haɓarsa ya ce sabuwar tasha.

Mota in ta tsaya, sai na leƙa tukuna.
Tun da 'yan wan-cans suka watso Asabe a bayan Jabi,
ba waya, ba jaka, takalmi wari ɗaya,
na koyi karanta idon fasinja
kafin in tambayi nawa ne.

Ran Talata sai ga ɗan takara da kansa,
shadda fara ƙal, masu ɗaukar hoto uku,
wai yau zai ɗanɗani abin da talaka ke sha.
Kwandasta ya ce, Hajiya, ɗan matsa wa mai girma.
Na matsa, na matsa,
har na tsinci ƙafata a ƙasa.
Awa guda da kwata na yi ina jiran wannan kujera.
Tanimu mai gyaran fanka yana ciki, shi ya ba ni sauran labari:
ko Karmo ba a wuce ba
mutumin ya ce a tsaya,
ya koma jif ɗinsa da ke biye a baya.
Na isa takwas ta gota.
Aka yanke mini rabin yini.

A bangon ofis akwai taswirar birnin nan cikin gilashi,
kullum ni ke goge ta.
Kore na lambu, shuɗi na ruwa,
ga layin jirgi siriri kamar zaren ɗinki.
Na sha bin ta da tsumma ina neman layinmu.
Wurin fari ne fat,
sai ka ce ba a taɓa yanke cibiyar kowa a can ba.
Amma jan fentin rusau bai yi ɓatan kai ba,
ya gano katangar maƙwabcina da rana tsaka.

Baba Shekwolo mai gadi ya ɗora yatsa a kan wani shataletale,
ya ce, nan doyar ubana take.
Bai ƙara ba. Ya koma kan bencinsa.

Asabar ɗin zaɓe aka hana zirga-zirga.
Na fito na tarar da titi fayau,
yara na buga ƙwallo inda tirela ke kwana,
akuya ta tsallaka ba ta waiwaya ba.
Na bi tsakiyar kwalta da ƙafa, a hankali, kamar tawa ce.
Ashe haka suka zana shi,
faɗi, tsit, ba mu a kai.

A layi wani yaro ya raɗa mini, Mama, akwai na sabulu.
Na ce sabulu nake wuni a ciki, ɗana.
Na shiga na daɗe a kan takardar,
ina neman wanda ya taɓa tsayuwa a ruwan sama
da naira ɗari bakwai a hannu, mota ta ce dubu.
Hotunan jam'iyyu ba sa magana.
Na dangwala dai.

Litinin, huɗu da rabi.
Tawadar ba ta gama fita daga farcena ba.
Da wannan hannun
nake tsayar da mota.