Marini Ya Sha Rini

Shekara arba'in ina tsoma zane a karofin Ƙofar Mata,
ban san wata rana ni za a tsoma ba.
Suka kwantar da ni a ɗaki mai sanyin randa,
suka huda wuyan hannuna na dama,
suka zura bututu, bai fi tsinken tsintsiya kauri ba,
ya bi jijiya ya haura, ya yi sallama a ƙofar zuciya.
Likita ya ce, "Baba, yanzu za mu sa rini."
Na yi dariya. Ba wanda ya tambayi dalili.
Sai ɗumi ya ratsa ni daga ƙirji har mara,
na zaci na saki fitsari a gaban sa'o'in 'ya'yana.
A allo na ga hanyoyin jinina sun yi baƙi,
reshe bisa reshe, kamar kuka da rani.
Ɗaya ta tsuke. Suka tokare ta da ɗan ƙarfe.

Kwana biyu aka sallame ni.
Sauran abin da ya biyo ni gida
yana cikin takardar da Sagiru ya karanta mini a gurguje
na dangwala yatsa ban saurara ba.

Jini ya kwanta a ƙarƙashin fata.
Ranar farko ja, ta uku shuɗi mai duhu,
irin wanda Buzaye ke biya ba sa neman ragi,
daga nan kore, daga nan ruwan ɗorawa.
Na ce wa Uwani, ko ni ban taɓa fitar da launi huɗu
daga tsomi ɗaya ba.
Ba ta yi dariya ba.

Ƙoda ce ta ƙi rinin.
Fitsari ya ragu, ƙafa ta cika takalmi.
Muka koma, aka ɗebi jini, aka ce lamba ta hau,
a bar maganin ciwon jiki na kyamis, a dawo Talata.
Sati uku tana saukowa
kamar tsohuwa a matakalar bene,
ta tsaya saura taki ɗaya, har yau tana nan.

Wani dare Uwani ta lalubi hannuna cikin duhu,
ta danna inda ta saba jin bugu, ta ji shiru.
Salatinta ne ya tashe ni.
Likita ya ce jijiyar nan ta rufe,
amma jinin ya san gari:
kamar ɗan adaidaita da ya tarar an datse titi,
ya bi ta lungu ya kai fasinja.
Hannun na raye. Sai dai babban yatsa da manuni
kamar aro na yi,
carbi na zamewa, sai na sake ƙirga daga farko.

Ƙwaya da safe, ƙwaya da dare.
Asuwaki yana fitowa da ja.
Tanko wanzami ya ɗan kuskure bayan kunnena,
muka ɓata tsumma biyu kafin ya tsaya.
Yanzu in ya hango ni sai ya ɗauko almakashi.

Jiya na tako daga gida har Kurmi
ban tsaya ko sau ɗaya na dafa bango ba.
Bara sau biyar nake tsayawa
ina yi kamar gaisawa nake da mutane.

A karofi Sagiru ne ke riƙe da muciya.
Ni na zauna a inuwa, ina sansana ruwan,
ina cewa ƙara toka, bai nuna ba.
Shuɗin tafin hannuna yana kodewa,
na ga farcena fari, rabona da shi tun ina yaro.
Tabon kuwa bai fi ƙwayar gero ba,
sai na nuna ake gani.

Uwani ta sauya wurin kwanciya.
Yanzu a haguna take.