Harafi Na Uku

A Samaru, a ɗakin da fankarsa ke tari,
na zana kifi biyu a allo, ba ƙaya, ba ƙarni:
karfasa mai yawan haihuwa,
tarwaɗa mai cin 'ya'yan maƙwabciya.
Na ba kowacce harafi ɗaya,
na ce ku bi doka.

Suka bi.
Karfasa ta yawaita, tarwaɗa ta yi ƙiba,
tarwaɗa ta yawaita, karfasa ta yi wuya,
yunwa ta rage maciya,
abinci ya sake tasowa.
Layi biyu suna lugude a takarda,
taɓaryar nan na sama, waccan na cikin turmi.

Dakta Dalhatu ya cire tabarau ya ce,
"Ruwanki ya cika tsabta, Ladidi.
Ina masunci?"

Sai na ƙara harafi na uku,
na sa masa alamar ɗebewa a gaba.
Alli bai san shi ba. Ni na san shi.
Kawu Jatau ne, na Dakace,
wanda sanyin Galma ya cinye wa gwiwa,
wanda kifinsa ya saya mini jakar makaranta ta farko.

Na ɗora wa na'ura lissafin, ina tsere da masu ɗauke wuta.
Da asuba ta ba ni amsar da ban nema ba:
in ana kamun duka biyun daidai wa daida,
tarwaɗa ce ke raguwa,
karfasa ƙaruwa take yi.
Sau uku ina neman kuskurena. Babu.

Na same shi a gindin gada,
ya maƙale birgi a babban yatsan ƙafa yana ɗinki.
Ya saurara har na gama.
Ya ce, "Shekarar da muka jingine su wata bakwai,
da muka dawo, tarwaɗa kamar cinya,
karfasa sai an yi addu'a.
Wannan ne ya hana ki barci?"
Ya yi dariya har zare ya kuɓuce.

Ban yi dariya ba. Na buɗe shafi na tara.
Akwai wata gaɓa, Kawu.
In kamu ya wuce ta,
layin tarwaɗa ya faɗi, ba ya tashi kuma.
In aka ƙara gaba, ɗayan ma ya bi shi.

Ya dubi daronsa.
Karfasa ce fal, kowacce faɗin yatsa uku.
Can ƙetare wasu samari na jan gidan sauro cikin ruwa.
Ya daɗe bai ce komai ba.

"To yanzu muna ina a kan layin naki?"
Na ce ban sani ba,
lambar ba ta cikin littafina, tana cikin daronka.
"Wanne ne harafin maganin Gambo?
Wanne ne na takin bana?"
Na ce ban sa su ba.
Ya ce, "Sa su."

Tun ranar nake hawa acaɓa kafin gari ya waye,
da sikeli, da biro, da littafi a leda.
Ina ƙirga, yana gyara mini suna.
Jiya Dakta ya karɓi babi na huɗu,
ya kai hanci, ya dube ni,
ya ci gaba da karatu.