Littafin Juyen Mai

Da aka raba gadon Baba
yayyena suka ɗauki gonar Mirya da filin Garin Malam.
Ni aka miƙo mini makulli
na 'yar motar da ta girme ni da damina biyu.

A aljihunta na gaba, ƙarƙashin tsumma da kwalin ashana,
na tarar da littafin 'yan makaranta.
Rubutun Mushe Mato ne, tsaye kamar a allon aji:
rana kaza, kilomita kaza,
an juye mai, lita uku da rubu'i,
an sake matata,
Kiyari ya karɓi jika tara, ya bar mini ɗari biyar.

Shafi talatin da ɗaya.
Na nemi ranar aurena, ba ta ciki.
Sai dai kwana biyu kafin ranar ya rubuta:
an duba birki, za a kai Tasalla Matamai.

Kiyari na nan bayan Kasuwar Dole,
gindin bedi, inda ƙasa ta sha mai har ta ƙoshi.
Bai yi mini doguwar ta'aziyya ba.
Ya dafa goshin motar, ya yi shiru,
sannan ya ce, ɗiyar Mushe, buɗe da hannunki.

Da farar safiya, in ji shi, kafin ki tashe ta,
tana tsaye a ƙasa marar gangare,
zaro sandar, ki shafe, ki mayar, ki sake zarowa.
Ta fari surutu ce.
Ta biyu ita ce shaida.
Ki murza a yatsa:
in ya ja kamar zuma, ki tafi abinki,
in ya yi bayan tukunya, kina jin tsaki-tsaki,
ki zo, ko ba ki da ko dala.

Waɗanda suka ƙera ta sun ce dubu goma.
Ba su taɓa wuni a Damagaram da bazara ba,
sa'ad da duwatsun Birni ke ƙona cikin ƙadangare.
Dubu biyar, ni na faɗa.
Man kwalbar bakin titi kuwa,
araharsa a gareji ake biya.

Ruwa fa? na ce,
a garin da jarka ke kwana a layin famfo?
Ya yi dariya: ita ma 'yar gari ce, ta iya ƙishi,
amma kada ki ba ta na rijiya,
kanwa ke toshe mata hanji.
Kuma kada ki buɗe murfinta tana huci,
ya nuna mini tabon da ke damtsensa.

Man birki in ya ragu
kar ki ƙara ki yi shiru.
Tambayi inda ya tafi.

A shafin ƙarshe hannun Baba ya fara rawa,
bakwai ɗinsa ta jingina da tara.
Ya rubuta lambar juye na gaba.
Na leƙa agogon mota:
saura arba'in.

Arba'in ya bar mini, ban da makulli.
Ran Juma'a na kai su Mirya, na gaida gwaggo,
na dawo da guntun rake da sha takwas sau biyu.
Huɗun da suka rage
na zagaya da su ta ƙofar tsohuwar makarantarsa.

Kiyari ya kwance ƙusar ƙasa.
Man Baba na ƙarshe ya zubo a tasa,
baƙi, da ɗuminsa,
na tsaya har ɗigo ya ƙare.

Sannan na ari biro wurin yaron gareji,
na ɗora littafin a kan goshinta.
Rubutuna karkatacce ne, na ungozoma mai sauri.
Lita uku da rubu'i.
An sake matata.
Kiyari ya ƙi karɓar kome.