Shafi Goma

Littafin da Lawisa ta aiko daga Kaduna
shafi goma ne kacal, kowanne da kaurin allo.
Don masu haƙori huɗu aka yi shi.
Kunnen giwa tuni ya sha yawu.

Bayan la'asar, a zaurena nan Daura,
Rumasa'u ta jawo shi ƙiii a ƙasa,
ta haye cinyata ba sallama,
ta dangwala yatsa, ta ce: Mene?

Ni da na shekara talatin da biyu ina malamin dabbobi,
na yi wa shanu allura daga Mai'aduwa har Zango,
ina gane sammore tun daga tafiyar sa,
yau ga ni ina gyara tabarau
a gaban tsuntsun da ba ya tashi.

Baƙar alkyabba a baya, farar taguwa a gaba,
ya tsaya ƙiƙam bisa ƙanƙara
kamar alƙalin da aka hana kujera.
Na karanta sunan, harshena ya yi tuntuɓe.
Ta ce: Agwagwa.
Na ce: To, agwagwar mutanen sanyi.

Muka juya.
Ga wata mai doguwar jela tana goyo a gaba,
babu zane, babu majanyi.
Kakarta Tabawa ta leƙo da ludayi a hannu,
ta daɗe tana kallo, ta ce:
Wannan dai Allah ya hutar da ita wanki.

Ga wani jibgege ya zambaɗa kwalli har kunci,
yana gaigayar gora kamar rake.
Ga wani a teku, ya fi tirela tsawo.
Ta ce kifi. Na san nono yake ba ɗansa,
amma na bar gyaran sai ta girma.

Sai shafi na bakwai.
Nan harshena bai yi tuntuɓe ba.
Raƙumin dawa.
Jimina a bayansa, ɓauna can gefen ruwa.
Waɗannan ba sai na haɗa baƙi ba,
sunayensu na kwance a bakina tun ina kamarta.
Kakana Ɗan'azumi ya ce ya bi sawunsu
a dajin da ya zama gona,
gonar ta zama fegi,
fegin yanzu ana faci a kai.
Suna ya zauna, mai suna ya yi gaba.
Ban gaya mata ba
cewa ni ma a takarda na san shi.

Ta ce: Ina gidansa?
Na ce: Da nisa.
Ta ce: Kaduna?
Na ce: Gaba kaɗan.

Muna cikin haka akuyar Malam Ilu ta shigo,
jar nan mai karyayyen ƙaho
wadda ni na ɗora mata ƙafa bara.
Ba ta dube ni ba.
Ta miƙa wuya ta kama gefen littafin.

Rumasa'u ta fizge da hannu biyu,
ta bincike shafi goma tas tana neman ta.
Babu akuya.
Duniya guda an zaga, an manta da maƙwabciya.

Sai ta buɗe inda zaki ya wage baki,
ta kai shi daidai hancin akuyar,
ta yi gurnani iya ƙarfin shekara biyu.

Akuya ta dubi sarkin dawa,
ta ci gaba da tuƙa.

Kafin kiran magariba barci ya kwashe ta,
kumatu manne da shafin ƙanƙara,
gumi na tsattsafowa a goshinta.
Na zare littafin a hankali,
na koma kan tsuntsun nan mai alkyabba,
ina maimaita sunansa ƙasa-ƙasa
don kada gobe ta sake kama ni.