Allura da Kofato

Asubahin Juma'a a gindin Totil.
Hajja Batul tana dakan gahawa da citta,
kekuna biyu sun jingina da bango ɗaya
kamar maƙwabtan da suka yi cacar baki jiya
yau kuma sahu ya haɗa kafaɗunsu.

Nawa siriri ne, tayarsa tsinken tsire,
ba ya gaisawa da rami, ba ya shiri da tsakuwa.
Na Babikir kuwa, taya kamar cinyar bajimi,
duk jikinta haƙora,
laka ta bara har yau tana maƙale a sirdi.

Ya ce, "Tijjani, ina za ka da allurar nan?
Kana bin kwalta kamar tunkiya a igiya,
manyan motocin Bur Sudan suna yi maka turare da hayaƙi,
kai kuma kana ƙirga kilomita kamar mai bin bashi."

Na ce, "Kai fa, mai kofato?
Awa uku kana gardama da dutse guda,
rabin hanya kai ke goyon keken,
ka sauko gwiwa a saɓule, birai na kallonka daga sama.
Wannan hawa ne, ko dako?"

Hajja Batul ta ajiye finjali biyu.
Ta ce, "Wanda ya fi gwaninta shi zai biya."
Nan take kowannenmu ya rantse
ɗan'uwansa ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ranar da ƙaya ta ci ni a hanyar Aroma
rana ta take tsaka, gorata ta ƙafe.
Abokan layina sun yi gaba, kai a sunkuye;
mai bin tayar gabansa ba ya waiwaye.
Na zauna a inuwar da ba ta kai tafin hannu ba.
Sai ga ƙura daga busasshen cikin Gash,
sai ga shi, yashi har cikin gira.
Bai ce sannu ba.
Ya zare tub, ya shafa yawu yana neman hujin,
ya manna faci, yana bugun famfo yana faɗa mini
cewa kakarsa ma ba ta ɗinki da abu mai rauni haka.
Ya miƙo gorarsa. Na sha rabi.
Ya ce, "Shanye. Mu na dutse raƙuma ne."
Na ga leɓensa a tsage.

Bayan sati biyu muka yi musanya, don a kashe magana.
Dutse na uku ya kayar da ni.
Ina kwance ina kallon Kasala a kife,
lambunan mangwaro, hasumiyar Khatmiyya,
abin da shekara tara ina wucewa ta gefensa
ban taɓa ɗaga kai na gani ba.
Ban faɗa masa ba.

Shi kuma a kwalta sai mita yake:
babu kwana, babu tsalle, hanya kamar wa'azin da ya ƙi ƙarewa.
Har iska ta zo ta bayanmu,
sarƙa ta yi shiru, taya ta fara raɗa,
na ji ƙato mai 'ya'ya huɗu
ya ƙwalla ihu irin na yaron da aka saya wa keken farko.
Yau in ka tambaye shi, ƙuda ne ya shiga bakinsa.

Har gobe allura nake hawa, shi kofato.
A mararrabar da kwalta ke sallama da dutse
yakan ɗaga yatsu biyu daga kan birki,
nakan gyaɗa kai,
ya yi hagu, in miƙe.

Kuɗin gahawa kuwa,
Hajja Batul ta buɗe mana shafi ɗaya a littafinta.
Ta ce ba ta da takardar ɓatawa
a kan mutum biyu da gumi ɗaya ke wa wanka.